Kafin Kira na Uku

Lachibe, 16 ga Agusta, 1992

Ƙanena Fortino,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta goya ka, ko da ka manta. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Genoveva da 'yan matanku biyu da har yau a hoto kawai muka san su. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwar Mama tana nan yadda ka bar ta, bakinta ma haka. Ta ce in gaya maka rigar sanyin da ka aiko ta yi mata yawa, ba za ta sa ba. Kullum tana jikinta.

A kwalin da Doña Epifania, mai kai mana saƙo can, za ta kawo maka akwai gahawa da busasshen barkono da manyan tortiya, gurasar masarar nan tamu. A ƙarƙashinsu akwai takarda mai hatimin gari. Ka fara cin abincin kafin ka buɗe ta, don na san halinka.

Ga abin da ya faru. Ruwan watan Yuni ya zaftare gefen dutse, ya tafi da magudanar da kakanni suka haƙa daga idon ruwa zuwa gari. Ba maganar gyara ake ba, wurin ma babu shi, wani ƙaton rami ne ya rage. Wata biyu ke nan muna sauka rafi da tulu. Ka san hanyar: saukar ba wuya, hawan kuwa ya danganta da shekarun mutum. Ni sahu uku nake yi a rana, kuma ba yarinya ba ce ni.

An je birni neman taimako, aka ce a dawo baɗi. An kira ɗan kwangila, ya zo da farar mota har inda titi ya ƙare, ya leƙa ramin, ya faɗi kuɗin da sai da magatakardan gari ya nemi wurin zama. Ina za mu samo? Kasuwar gahawa ta mutu, Fortino. Masu saye suna yin tayin da ko ciyawar alfadarin da ya ɗauko ta ba zai biya ba. Bara mutane da yawa ba su ma tsinke tasu ba, tsuntsaye suka sha biki. Da ba don gozona ba, gayyar nan tamu, yau kowa a gonata gobe kowa a taka, da babu mai ganin masara a rumbu bana, don ba wanda ke da halin ɗaukar lebura.

Shi ne taron gari ya zauna. Aka ce hannu dai muna da shi, maza ɗari da ashirin suna fita tekiyo kowace Lahadi, aikin gari ba a biyan kowa. Abin da ba mu da shi, mutumin da ya san yadda ake tsallakar da ruwa ta cikin bututu a kan rami irin wannan. Sai Don Crisóforo, shugaban 'yan badujala, ya miƙe ya faɗi sunanka. Hannuwa suka tashi. Kai ne shugaban kwamitin ruwa na shekara mai zuwa.

Sauran ka san shi. Ranar ɗaya ga Janairu za a miƙa sandunan muƙami a barandar ofishin gari, a kira sunanka sau uku. In ba ka amsa ba, an cire ka daga cikin 'yan gari. Gonar Baba ta koma hannun gari, a datse ɗakinka da kwado, ranar da ka mutu kuma ba a nan za a haƙa maka ba. Ba ni na kafa dokar ba, kada ka huce a kaina.

Mama ta kunna maka kyandir a coci. Ka ba ni amsa da dawowar Doña Epifania.

Yayarka,
Herminia

*

Los Angeles, 6 ga Satumba, 1992

Yaya Herminia,

Saƙonki ya iso, kwalin ma bai ɓare ba. Muna lafiya. Araceli ta shiga makaranta, tana dawowa da Turancin da ni kaina sai na ce ta maimaita. Yolanda ta yi haƙora biyu. Ki shafa wa Mama man da na sa a jakar nan safe da yamma, kada ki bar ta ta ɓoye shi wai sai ranar biki.

Na ci tortiyar kafin in buɗe takardar kamar yadda kika ce. Gara da na yi hakan.

Yaya, ku a can kuna ganin kamar dala a bishiya take a nan, mutum ya girgiza ya tafi hutun shekara. Tun tarzoma da ƙone-ƙonen da aka yi a birnin nan watan Afrilu aiki ya ja baya. Mu bakwai ne muke gyaran famfo a wurin maigidana, yanzu saura uku. Kullum da safe akwai mutane tsaye a bakin shagon suna jiran ɗayanmu ya yi tari. In na yi mako guda ba na nan, an maye gurbina. Shekara fa ake cewa! Wa zai biya hayar ɗaki? Kuma kin san ba ni da takardun izinin zama a ƙasar nan. Fita ba wuya, ko gobe sai a raka ni. Dawowar ce. Shekara tara da suka wuce kwana uku na yi a daji kafin in tsallako iyaka, yanzu an ce abin ya fi haka muni.

Na karanta wa Genoveva takardar. Kin san ita ba 'yar duwatsunmu ba ce. Ta ajiye cokali ta ce, "Wane irin gari ne wannan? A ba mutum aiki ba albashi, in ya ce ba zai iya ba a hana shi kabari?" Kwana nawa ke nan ba na iya zama wuri ɗaya. Jiya na ɗaura famfo a juye a gidan wata tsohuwa, ruwan zafi ya koma na sanyi.

Don Crisóforo kuwa ai na san abin da ke cin sa. Har yau bai yafe min ba don na bar masa kujerar kakaki babu kowa saura mako guda bikin waliyyin gari, na taho nan arewa, ƙetaren iyaka. Shekara tara tsohon nan yana jiran ranar da zai damƙe ni. Ga Nicanor, ga su Melitón ƙarami, mu wajen goma sha biyar ne 'yan Lachibe a nan, bai ga kowa ba sai ni.

Amma ba zan bar ku kuna hawan tudu da tulu ba. Ga abin da na yi. Na aika wa wani shago a birnin Oaxaca, za su kawo bututu da mahaɗai da duk abin da ake bukata har ƙarshen titi. Na zauna na zana yadda za a haɗa, takarda huɗu, ko makaho zai bi. Sandar kuma a nemi wani ya riƙe da sunana, ni zan biya shi duk wata. Ai gari ruwa yake so, ba fuskata ba. Ki kai wa shugaban gari maganar, ki sa baki, ke suna jin maganarki ko da ba kya shiga taro.

Ki ce wa Mama kada ta sa damuwa a ranta.

Ƙanenki,
Fortino

*

Lachibe, 18 ga Oktoba, 1992

Fortino,

Muna gaishe ku. Man ya yi wa Mama amfani, har ya yi yawa, don shekaranjiya na kama ta a rabin hanyar rafi da ƙaramin tulu, wai ba za ta zauna a kawo mata ruwa kamar hoton waliyyi ba. Sai da muka zauna sau huɗu kafin mu hau.

Kayanka sun iso. Maza ashirin suka ɗauko su a kafaɗa daga ƙarshen titi. Gari ya gode, an ma faɗa a lasifika. Sai dai ka ji yadda zanenka ya ƙare.

Shugaban gari ya riƙe takardar, magatakarda ya ce a juye take, suka juya, sai tsoho Melitón ya ce da farkon ma daidai take. Lahadi uku suka yi suna haɗawa. Ranar da za a saki ruwan duk gari ya fita, har da 'yan badujala. Ruwa ya gangara cikin ramin lafiya lau. Da ya isa ƙasa, inda bututun zai juya ya hau, sai muka ji ƙara kamar bindiga. Mahaɗin ya yi sama, hular tsoho Melitón ta bi shi, har yau ba a gan ta ba. Shi kuwa yana tsaye jiƙe sharkaf yana cewa, "To ai ruwan ya zo, sai dai bai san gidan kowa ba!" An yi dariya. Ni ban yi ba, na koma na ɗauki tuluna.

Ko makaho zai bi, ko? Zanen bai gaya mana abin da za mu yi in dutsen wurin ya ƙi yarda ba.

Maganar ɗaukar wani ya riƙe maka sanda, taro ya ƙi. Kuma kafin ka ce Don Crisóforo ne, shi ko tari bai yi ba. Mijin Eufrosina ne ya miƙe, wanda ko takalmin kirki ba shi da shi. Ya ce, "In muka karɓa daga Fortino, baɗi sai mu karɓa daga Nicanor, daga nan kowa da ke arewa. Sai garin ya rabu biyu, masu aikowa da masu ɗauka. Ni ubana bai bar min garin nan don in zama leburan ɗan ajinmu ba." Ni ma da na ji, na ga gaskiyarsa, duk da kai ne ƙanena.

Na san kana da iyali. Ba na raina wahalarka. Amma ka tuna ɗakin nan naka da kake taƙama da shi, wa ya ɗauko maka katakon rufinsa daga daji? Ka biya wani? Wake da tortiya Mama ta dafa musu, suka yi maka kwana shida. Ranar jana'izar Baba kana can, mutanen nan suka haƙa, suka ɗauka, suka yi kiɗa har makabarta, babu wanda ya tambayi ina ɗansa. Yanzu su ne suke tambaya.

Mama ta ce in dai ba za ka zo ba, ka aiko da makullin ɗakinka.

Herminia

*

Los Angeles, 8 ga Nuwamba, 1992

Yaya,

Ga makullin. Ashe ba sai an jira Janairu ba, a gida ma an riga an cire ni. Ki gaida Mama.

Fortino

*

Lachibe, 22 ga Nuwamba, 1992

Fortino, kai dai sakarai ne tun kana ƙarami.

Muna lafiya, in ban da Mama da ta ga makulli ya faɗo daga ambulan, ta juya takardar gaba da baya tana neman sauran maganar. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Wa ya cire ka? So take ta kwashe kayanka kafin gari ya sa kwado, don in an datse ko allura ba ta fita. Kakakinka yana ciki, da hular Baba, da akwatin takardunka na makaranta. Jiya mun kwaso su. Ta goge kakakin da toka da lemo, ta rataye shi saman gadonta. Wannan ce matar da ka ce ta kore ka.

Laifina ne da na rubuta maganar a tsaye ba bayani, na gaji ne ranar. Amma kai ma ka san uwarka.

Ba zan ƙara roƙonka ba. Na zauna na yi ta tunanin Araceli da Yolanda, na ce wa kaina da ni ce Genoveva da ɓoye maka takalma zan yi. Duk abin da ka zaɓa, ni dai yayarka ce, wannan taron gari ba shi da hannu a ciki. Sai dai ka rubuto. Shirun nan ya fi hawan tudun gajiyar da ni. Duk sanda na ji kare ya yi haushi a hanyar ƙasa sai na leƙa, alhali na san Doña Epifania ba ta da ranar zuwa.

Saura kwana arba'in.

Yayarka,
Herminia

*

Los Angeles, 20 ga Disamba, 1992

Yaya Herminia,

Ki yafe min, ki roƙar min Mama. Takardarki ta daɗe a hanya, ni ma da ta zo na daɗe ina zagaya ta. Yara lafiya. Ni ne dai ba na barcin kirki, na rame har wandona yana zamewa.

Kin tuna Telésforo, wanda aka cire shekara shida da suka wuce don ya ƙi zuwa riƙe sandar ɗan doka? Ya rasu farkon watan nan, ciwon suga. An binne shi a nan, can bayan gari kusa da babban titi. Mu takwas ne. Wata mota ce ta haƙa ramin, mai motar yana zaune a ciki yana cin abincin ranarsa yana jiran mu gama. Babu kiɗa. Matarsa ta zo da rediyo mai kaset don a sa masa kiɗan garinmu, batir ya mutu a tsakiya. Yaya, na tsaya a wurin har aka rufe ramin. Ba mutuwar ce ta ba ni tsoro ba, shirun ne.

Muna fitowa Nicanor ya kama hannun rigata. Shekara uku rabona da zuwa taron 'yan Lachibe, kullum ina cewa aiki. Ya ce, "Kai, mai famfo, Lahadi a garejina. In ba ka zo ba mu za mu zo gidanka, kuma ka san yadda muke cin abinci."

Na je. Mutum goma sha uku, da matansu, ga tukunyar wake a kan injin wanki. Na fara jero musu dalilaina, Nicanor ya ce, "Rufe mana baki, duk mun san haya, ba kai kaɗai kake da maigida ba." Ashe sun riga sun gama magana. Biyu daga cikinsu sun iya aikin famfo, za su raba ranakuna a wurin maigidana don kada gurbin ya tafi, abin da ya fito a kai wa Genoveva. Sauran kowa ya ɗauki wata guda, abin da ya gaza na haya da cefane shi zai cike. Matan za su riƙa ɗauko Araceli daga makaranta. Na ce to ni da me zan rama? Melitón ƙarami ya ce, "Kana tsammanin sunanka ne kaɗai a bakin tsofaffin can? Baɗi ko baɗin baɗi nawa zai fito, ranar kai za ka wanke min kwanukan gidan abinci, kuma ka iya wanki tun yanzu." Gozona ce, Yaya. A gareji, a Los Angeles. Na sunkuyar da kai don kada su ga idona, suka ce barkono ne ya yi min yawa, arewa ta lalata ni.

Amma kada ki gaya wa Mama komai tukuna. Ban ce zan zo ba. Maigidana bai amsa ba, ya ce zai duba. Genoveva kuwa kwana uku ba ta yi min magana ba. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Su mutanen kirki ne, na gani. Amma a cikinsu wa zai tsallako maka da iyaka in ka gama?" Wannan kam babu wanda ya ɗauka. Nicanor ma da na gaya masa, ƙasa ya kalla.

Safiya ta yi in ce zan tafi, rana ta yi in ce hauka ne. Na ciro jaka na mayar ya fi sau biyar. Doña Epifania ma an ce ba za ta tashi ba sai bayan bukukuwa, ban san yadda takardar nan za ta same ki ba.

Ƙanenki,
Fortino

*

Lachibe, 3 ga Janairu, 1993

Zuwa ga ƙanwata Genoveva,

Ba mu taɓa rubuta wa juna ba, laifin nawa ne, ni ce babba. Ina gaishe ki da yara, Mama tana sa muku albarka. Mijinki ya iso lafiya. Ƙafafunsa sun kumbura, suna cikin ruwan gishiri, ban da haka ba abin da ya same shi. Takardarsa ta ƙarshe a aljihunsa ta zo, shi ya miƙa min da hannunsa, don haka har safiyar ranar ba mu san yana hanya ba. Zai rubuto miki, amma na san shi, layi uku zai yi ya ce komai lafiya. Ke kuwa kin cancanci ki ji duka.

A garinmu in za a miƙa sanduna, ana kiran sunan mutum daga baranda. In bai amsa ba, 'yan badujala su yi kiɗa guda, a sake kira. In shiru, su sake wani kiɗan, sannan kira na uku. Ba a kira sai kiɗa ya tsaya, don ba a yi wa kiɗa magana a kai. Yawanci minti biyar ne, don wanda ya je bayan gida ya samu ya dawo.

Da hantsi aka zo kan sunan mijinki. Kira na farko, shiru. Na biyu, shiru. Mama ta riƙe hannuna har farcenta ya shige. Magatakarda ya riga ya ajiye kwado a kan tebur, ina kallon sa. Don Crisóforo ya ɗaga sarewarsa suka fara kiɗa na ƙarshe.

Kujerarsa tana fuskantar dutsen da ke tsallaken kwari. Daga nan ana hango hanyar ƙafa kamar zare. Kiɗan ya zo inda ya saba ƙarewa, sai tsohon ya koma farko. Ya sake zuwa, ya sake komawa. Shugaban gari ya harare shi, bai ko kalle shi ba. Sai mutane suka fara bin idonsa. Can a kan hanyar akwai wani ɗigo yana gangarowa. Ba a gane ko waye, ko mace ce ko namiji. Ashe mijinki ne, babu mota ranar sabuwar shekara, tun asuba yake tafe a ƙasa daga garin da bas ta ajiye shi.

Genoveva, a wurinmu abin da ido ya gani kusa, ƙafa awa uku take yi. Sai ka sauka har rafi ka hau.

Shugaban gari ya matso ya yi wa tsohon alama da hannu ya yanke. Tsoho Melitón ya ce masa a kunne, amma duk mun ji, "Doka ta ce sai kiɗa ya tsaya. Ta faɗi tsawonsa?" Shugaban ya koma ya zauna, ya cire hula.

Ɗigon ya shige kwari, ba a ƙara ganin sa ba, nan ne abin ya yi tsanani. Bayan awa guda masu busa suka fara gajiya. Mai babban ƙaho ya yi jajir kamar zai faɗi, wani tsoho da ya bar kiɗa shekara goma ya karɓa daga hannunsa. Daga nan sai aka shiga karɓa-karɓa. Wannan ya huta wancan ya busa, wanda bai iya komai ba ya karɓi ganga. Mijin Eufrosina, wanda ya hana a karɓi kuɗin mijinki, shi ya doki gangar har hannunsa ya fashe. Kiɗan ya lalace, wani lokaci sarewa ɗaya ce kawai da ganga, amma bai yanke ba. Mata muka kwaso ruwan da muka hauro da shi don girkin biki muna ba su. Wasu suna cewa in fa mai sayar da tukwane ne? Ni addu'a ma ta gagare ni, tafiya kawai nake yi daga coci zuwa bakin hanya in dawo.

Don Crisóforo shekararsa saba'in da huɗu. Bai ba kowa sarewarsa ba.

Rana ta karkata sosai sannan Fortino ya ɓullo ta bayan coci, jaka a kafaɗa, laka har gwiwa. Ya tsaya gaban baranda yana haki. Tsohon ya kai kiɗan ƙarshensa a hankali, kamar ba abin da ya faru, ya sauke sarewar. Leɓensa duk jini. Magatakarda ya kira, "Fortino Yescas Luna." Mijinki ya matso gaba. Ya ce, "Ga ni."

Da ya karɓi sandar ya je wurin tsohon zai yi godiya. Don Crisóforo yana goge baki ya ce, "Kada ka ɗauka don kai na yi. Matata ta tsufa, ba ta iya hawan tudun nan da tulu. Kuma ka makara, kamar kullum." Gobe Litinin za su sauka ramin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Fortino yana ganin tsohon nan ne ya jawo masa wannan don tsohuwar gaba, wataƙila ke ma haka ya gaya miki. Ba haka ba ne. Mu mata ba ma magana a taron gari. Ana saura kwana biyu taron da aka zaɓe shi, na hauro daga rafi sahu na uku, na ajiye tulu a ƙofar Don Crisóforo, na ce masa ƙanena ya san aikin nan, ya faɗi sunansa. Ya ce, "Herminia, yaron yana da iyali, ba shi da takardu." Na ce na sani. Wata biyar tsohon yana shan zagi a madadina, bai taɓa buɗe baki ba.

Na san abin da na ɗauke miki, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa na san yadda zai koma ba. Ban sani ba. Ruwa zai zo garin nan, wannan na tabbata. In kina neman wanda za ki riƙe a zuciya, kada ki riƙe garin, don na 'ya'yanki ne. Ni za ki riƙe.

Shi ban gaya masa ba tukuna. Ke na fara gaya wa, don ke ce za ki yi shekarar nan ke kaɗai.

Yayarki,
Herminia